LABARIN ƘASASHEN DUNIYA: Rumbun wani ba ya kafa gari

Filin labarin ƙasashe na wannan wata ya nufi yamma, ƙetaren babban teku, wata ƙasa da ake kira Sabuwar Meziko. Yau jiha ce cikin jihohin Amurka. Ƙasa ce ta duwatsu da tuddai. Ruwan saman da take samu bai kai na Maraɗi ba. Amma gulbi guda ya ratsa ta daga arewa zuwa kudu, sunansa Riyo Garande, wato babban gulbi.

Nasaran ƙasar Ispaniya sun shiga wannan ƙasa sau biyu don su kafa garuruwa. Zuwan farko sun dogara ga takobi da rumbun mutanen da suka tarar, daga baya aka kore su. Zuwa na biyu sun ɗauki hauya da kansu, suka haƙa hanyar ruwa, suka yi kiwo. Jikokinsu suna can har yau. Labarin ya shafi manomi, ya shafi makiyayi, don dukan rigimar a kan masara da ruwa da bisashe ta tsaya.

Masu ƙasa

Tun kafin nasara su san da wurin, akwai mutane zaune bakin gulbin. Manoma ne. Suna shuka masara, wake, kabewa da auduga. Gidajensu na laka ne da dutse, hawa bisa hawa, da tsani ake shiga. Ba su da doki, ba su da saniya, ba su da tunkiya. Talo-talo da kare kaɗai suke kiwo. Da yake garuruwa gare su, ba yawo suke ba, sai nasara suka sa musu suna Puweblo, ma'ana mutanen gari.

Mutanen Puweblo sun san halin ƙasarsu. Sun san damina takan yi kyau bana, baɗi ta ƙi. Saboda haka kowane gari yana da ɗakunan ajiya. In an yi albarka, sai a ɓoye masarar da za ta kai shekara biyu, ko uku, ko fiye. Wannan ajiya ita ce ransu.

Attajirin da ya sayi sarauta

Nasaran Ispaniya sun ci babban birnin Meziko cikin shekara ta 1521. Cikin 1546 suka sami azurfa mai yawa a wani wuri da ake kira Zakatekas. Tun daga nan kowa ya sa rai cewa can arewa akwai wata dukiya da ta fi wannan. Wani sarkin yaƙi mai suna Koronado ya tafi nema daga 1540 zuwa 1542, ya komo hannu biyu. Duk da haka kwaɗayi bai mutu ba.

Ɗaya daga cikin masu ramukan azurfar Zakatekas yana da ɗa, sunansa Huwan Onyate. Cikin dukiya ya tashi. Matarsa jikar Kortes ce, mutumin da ya ci Meziko. Cikin 1595 Onyate ya ƙulla yarjejeniya da wakilin sarkin Ispaniya. Shi zai ɗauki sojoji, shi zai sayi bisashe da kayan tafiya da kuɗinsa. Sarki kuwa zai ba shi sarautar gwamna, da ikon raba ƙasa, da ikon aza haraji. Kowane mutum da ya bi shi ya zauna shekara 5, za a ba shi darajar ɗan babban gida.

A nan tushen ɓarnar yake. Mutumin da ya zuba dukiyarsa cikin sarauta, ribarsa yake nema. Waɗanda suka bi shi kuma ba noma ya kai su ba. Azurfa da girma suke so.

Tafiyar wata shida

Ayarin ya tashi cikin watan Janairu na 1598. Akwai mazaje masu makami 129, waɗansu da matansu da ƴaƴansu. Akwai bara-bara da makiyaya, akwai malaman addinin Kirista. Amalanke wajen 80 ne shanu suke ja. Bisashe kuwa kimanin dubu 7: dawaki, alfadarai, shanu, tumaki da awaki.

Ran 30 ga Afrilu suka tsaya bakin Riyo Garande. Onyate ya tara jama'a, ya yi shela cewa daga yau wannan ƙasa duka ta sarkin Ispaniya ce, da gulbinta da duwatsunta da mutanenta. Masu ƙasar ba wanda ya tambaye su.

Gaba kaɗan suka shiga wani daji marar ruwa mai tsawon kilomita 140, ya fi tafiyar Maraɗi zuwa Tasawa. Suka fito a galabaice, ga ƙishirwa ga yunwa. Mutanen wani gari na Puweblo suka tarye su da masara da ruwa. Don haka nasara suka sa wa wurin suna Sokoro, wato taimako. Mai karatu ya riƙe wannan: abin da baƙin suka fara samu a ƙasar, kyauta ce.

Cikin watan Yuli suka isa wani gari mai suna Oke Owinge, can arewa, suka sauka, suka canza masa suna. Cikin watan Agusta Onyate ya sa a fara haƙa magudanar ruwa daga gulbi.  Mutanen Puweblo wajen 1.500 aka tara suka yi aikin.

Baƙo ya buɗe rumbun mai gida

Lokacin da ayarin ya iso, shuka ta riga ta wuce. Guzuri ya ƙare. Ga sanyin ƙasar mai tsanani, har gulbi yakan daskare. Azurfa kuma ba a gan ta ba. Maimakon baƙin su shirya gonaki, sai Onyate ya riƙa aika sojoji gari-gari su karɓo masara da gwado.

Waɗansu daga cikin nasaran da kansu sun rubuta wa wakilin sarki abin da suka gani. Sun faɗi yadda soja yake tuɓe wa mace gwadonta cikin hunturu, ya bar ta rungume da jinjiri. Sun faɗi yadda masu masarar suke bin sawun masu ɗauka suna tsintar ƙwayar da ta zube. Ajiyar da garuruwa suka yi shekaru suna tarawa, cikin ɗan lokaci baƙi suka cinye ta.

Abin da ya faru a Akoma

Akoma gari ne da aka gina bisa wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, tsawonsa ya fi mita 100. Cikin watan Disamba na 1598 ɗan ƴar'uwar Onyate, mai suna Huwan Zaldibar, ya hau dutsen da sojoji yana neman garin masara da gwaduna. Rigima ta tashi. Mutanen Akoma suka kashe shi da mutanensa fiye da 10.

Cikin watan Janairu na 1599 Onyate ya aika ƙanen mamacin, Bisente Zaldibar, da sojoji wajen 70. Suka ja bindigar igwa da igiya har bisa dutsen. Kwana 3 aka yi ana yaƙi. Aka ƙone garin, aka kashe ɗaruruwan mutane, maza da mata da yara.

Waɗanda suka rage aka kai su gaban Onyate, ya yanke hukunci. Kowane namiji da ya wuce shekara 25 a sare masa ƙafa guda, ya yi bauta shekara 20. Samari da mata su ma bautar shekara 20. Yara ƙanana aka raba su da iyayensu. Onyate yana tsammani tsoro zai zaunar masa da ƙasa.

Gari ya watse

Cikin 1601 Onyate ya ɗebi sojoji ya nufi gabas, cikin wani makeken fili na ciyawa, yana neman garin zinariya. Ya yi wata 5 yana yawo. Ɓaunar ƙasar da bukkokin ciyawa kawai ya gani. Da ya komo, sai ya tarar mafi yawan mutanensa sun kwashe kayansu sun koma kudu. Dalilinsu a fili yake: ba azurfa, ba gona, rumbunan da suke ci kuma sun ƙare.

Cikin 1607 Onyate ya ajiye sarauta, dukiyarsa ta tafi. Cikin 1614 kotun sarki a birnin Meziko ta same shi da laifi, har da laifin ƙetare iyaka a Akoma. Aka ci shi tara, aka hana shi sake taka Sabuwar Meziko muddin ransa. Ya tafi Ispaniya, can ya mutu cikin 1626, yana aikin duba ramukan ma'adinai. Ramin mugunta a gina shi gajere.

Haraji da fari

Sarkin Ispaniya ya so ya bar ƙasar. Malaman Kirista suka ce masa dubban mutane sun shiga addininsu, bai kamata a yashe su ba. Sai ya karɓi ƙasar a hannunsa, ya aiko sabon gwamna, Pedro Peralta. Cikin 1610 aka mai da hedkwata wani sabon gari, Santa Fe. Tsakaninsa da birnin Meziko kimanin kilomita 2.500 ne. Ayarin kaya yakan zo sau ɗaya cikin shekara 3, tafiyar kuma wata 6 ce.

An canza gwamna, amma ba a canza hali ba. Aka raba garuruwan Puweblo ga manyan nasara. Kowane gida zai ba da masara kimanin rabin buhu da gwado ɗaya kowace shekara. Ga aikin tilas a gonar gwamna, ga aikin ginin coci. Gwamna da malaman Kirista suka yi ta faɗa a kan wa zai mori ƙarfin talaka. Aka hana mutane addinin kakanninsu. Cututtukan da baƙi suka zo da su, irin su agana, suka yi ta kisa. Irin wannan aikin tilas kakannin masu karatu ma sun san shi zamanin mulkin Faransa, kafin a soke shi cikin 1946.

Daga wajen 1666 fari ya sauka, shekara bisa shekara. Cikin 1670 yunwa ta kai mutane suna gasa fata suna ci. A da, ajiya ce take fid da gari daga irin wannan shekara. Yanzu haraji ya hana ajiya. Mutanen daji da ake kira Apaci, waɗanda a da suke kawo nama da fatu su musanya da masara, su ma yunwa ta kama su, suka koma kai hari. Waɗansu garuruwa suka watse ƙaf. Kafin 1680 mutanen Puweblo sun ragu zuwa wajen dubu 17, ba su kai rabin yawansu na farko ba.

Igiya mai ƙulli

Cikin 1675 gwamna ya kama shugabannin addinin gargajiya 47. Ya rataye 3, sauran aka yi musu bulala. Cikin waɗanda aka yi wa bulala akwai wani mutumin Oke Owinge mai suna Popai. Da aka sake shi, sai ya ɓuya a wani gari na arewa mai suna Tawos, ya shiga shiri.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Garuruwan Puweblo ba harshensu ɗaya ba, ba sarkinsu ɗaya ba, waɗansu kuma tafiyar kwanaki ce tsakaninsu. Popai ya haɗa kansu. Ya aika samari masu gudu, kowane da igiya mai ƙulle-ƙulle. Kowace safiya gari ya kwance ƙulli ɗaya. Ranar da ƙulli ya ƙare, ranar tashi ke nan.

Ran 10 ga Agusta 1680 ƙasa ta tashi. Aka kashe nasara wajen 400, cikinsu malaman Kirista 21. Sauran suka taru a gidan gwamna cikin Santa Fe. Mutanen Puweblo suka kewaye su, suka toshe magudanar da take kai ruwa garin. Bisashe suka fara mutuwa da ƙishirwa. Ran 21 ga wata gwamna Otarmin ya fito da jama'arsa, suka kama hanyar kudu. Masu ƙasa suka tsaya bisa tuddai suna kallo, suka bar su suka wuce. Mutum wajen dubu 2 suka tsira. Bayan shekara 82, baƙi sun fita kamar yadda suka shigo, da yunwa da ƙishirwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Popai ya ce a watsar da duk abin da nasara suka kawo. Manoma suka ƙone coci, amma da yawa suka riƙe tumaki da alkama da gatarin ƙarfe, don sun ga amfaninsu. Dawaki kuma suka bazu hannun mutanen daji.

Zuwa na biyu

Shekara 12 ƙasar ta yi ba nasara. Amma haɗin kan garuruwa bai daɗe ba, fari da hare-hare kuma ba su tsaya ba. Cikin 1692 wani gwamna mai suna Diyego Bargas ya zo da sojoji kaɗan, ya zagaya garuruwa da lallashi da alkawarin afuwa. Cikin 1693 ya komo da iyalai. Wannan karo an zub da jini: ya ƙwace Santa Fe da yaƙi, ya sa aka kashe mutum wajen 70 da ya kama. Cikin 1696 aka sake tawaye, ya murƙushe shi.

Duk da haka nasara sun koyi darasi. Ba a sake raba garuruwan Puweblo ga manya su ci harajin masara da gwado ba. Hukuma ta amince kowane gari yana da ƙasarsa ta noma. Addinin gargajiya kuma aka rage matsa masa. Iyalan da suka zo yanzu yawancinsu talakawa ne, manoma da makiyaya da masu sana'a. Sun san ba azurfa. Wanda bai noma ba, ba zai ci ba.

Ga yadda ake kafa sabon gari a lokacin. Iyalai su haɗu su roƙi gwamna ƙasa. In ya ba su, sai alkalin yanki ya je ya nuna iyaka. Aikin farko ba ginin gida ba ne, haƙa uwar magudana ce. A tare gulbi daga sama da duwatsu da itace, a ja ruwan ta gefen kwari. Sa'an nan a yanka gonaki tsakanin magudana da gulbi, sirara masu tsawo, don kowace gona ta taɓa ruwa. In mai gona ya mutu, a tsaye ake tsaga gonar tsakanin magada, don kada wani ɗa ya rasa ruwa. Daji da tuddai kuwa na gari ne duka, kowa ya yi kiwo, kowa ya yi itace. Gidaje a jere ake gina su, su kewaye fili, bayansu ya zama ganuwa.

Sunan magudanar a bakinsu asekiya. Kalmar daga Larabci ta fito, don Larabawa da Musulmin arewacin Afirka sun daɗe suna mulki a Ispaniya, suka bar musu dabarun ban ruwa. Masu gonaki ne suke zaɓen sarkin ruwa daga cikinsu. Kafin shuka yakan kira gayya a yashe magudana, kowa ya kawo hannu gwargwadon gonarsa. Wanda ya ƙi zuwa, a ci shi tara ko a hana shi ruwa. In ruwa ya yi ƙaranci, sai a raba shi bi da bi, mai babbar gona da mai ƙarama kowa ya ɗanɗana rashin.

Tunkiya ce ta zama dukiyar ƙasar. Mai garke yakan ba talaka tumaki ya yi kiwo. Kowace shekara makiyayin ya biya da ƴan raguna da gashi gwargwadon abin da aka shirya, saura nasa. In shekara ta yi kyau ya kafa garkensa. In fari ko mahara suka faɗa masa, bashi ya hau kansa.

Da haka aka kafa Santa Kurus cikin 1695, da Albukarki cikin 1706, da ƙauyuka masu yawa. Ba a ce zalunci ya ƙare ba. Nasara sun ci gaba da sayen yaran da aka kamo daga mutanen daji suna bautar da su. In sun girma, sai a zaunar da su a ƙauyukan bakin iyaka, kamar Abikiyu cikin 1754, su zama garkuwar sauran. Gonakin Puweblo ma an yi ta gutsurar su. Amma yanzu baƙo da ɗan gari sun zama maƙwabta masu shan gulbi ɗaya, maharan Komanci kuma ba su bambanta su. Tare suka riƙa fita yaƙi. Cikin 1786 gwamna Anza ya yi sulhu da Komanci, aka buɗe musu kasuwa. Sulhun ya daɗe shekaru masu yawa, ƙauyuka suka sami sarari suka yaɗu.

Abin da ya rage

Mulkin Ispaniya ya ƙare a can cikin 1821. Ƙasar ta zama ta Meziko, cikin 1848 kuma ta koma hannun Amurka. Sarakuna sun wuce, gwamnoni sun wuce. Amma ɗaruruwan magudanan nan suna gudu har yau, ana zaɓen sarkin ruwa, ana fita gayya. Garuruwan Puweblo 19 suna nan da ƙasarsu da shugabanninsu. Akoma ma yana nan bisa dutsensa.

Mutane kuma ba su manta ba. An kafa wa Onyate mutum-mutumi na tagulla bisa doki kusa da inda ya fara sauka. A farkon 1998, da za a yi bikin cika shekara 400 da zuwansa, sai aka ga waɗansu sun yanke ƙafar dama ta mutum-mutumin da zarto. Cikin 2020 hukumar yankin ta ɗauke shi daga wurin. Popai kuwa, cikin 2005 aka kafa nasa a majalisar dokokin Amurka. Cikin wannan shekara garinsu ya ajiye sunan da nasara suka sa masa, ya koma Oke Owinge.

Onyate yana da kuɗi, yana da igwa, yana da takardar sarki. Shekara 10 bai cika bisa sarauta ba. Talakawan da suka zo bayansa da hauya da ƴan tumaki, aikinsu ya wuce shekara 300. Gari yana tsayawa ne bisa abu uku: rumbun da ba a taɓa sai ranar wuya, ruwan da aka raba da gaskiya, da shugaban da ya san ƙarfin talaka yana da iyaka. Inda ɗaya ya rushe, bindiga ba ta tsai da sauran.

Ga tambayoyi uku da za a tattauna a ajin yaƙi da jahilci. Me ya sa farin 1670 ya fi na da kisa? Me ya sa ake tsaga gonar gado a tsaye? Wace doka ce garinku yake bi wajen raba ruwan rijiya ko na fadama tsakanin mai garka da mai garke?